Hannu, Jiki da Ƙwaƙwalwa: Matsayin Darussan Sana'a da Wasanni a Makarantunmu

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawanmu, tsohon hedimasta, ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya



Mai Girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka, dagatai da masu unguwanni, malamanmu na addini da na boko, Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu mata, 'yan uwa da kuka baro Kano da Kaduna da Abuja da Legas da sauran birane domin halartar wannan taro, ina yi muku barka da zuwa. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya.

An umurce ni da in ce wani abu game da ilmi. Na san da yawa daga cikinku za su zaci zan yi magana ne a kan Turanci da Lissafi da sakamakon jarrabawa, domin su ne kukan kowa a kullum. To, yau na zaɓi in juya akalata zuwa ga darussan da ba su da mai yi musu kuka, wato aikin hannu, da noma, da wasannin motsa jiki, da zane-zane, da waƙe-waƙe da wasan kwaikwayo, da ilmin tattalin gida wanda ya ƙunshi girki da ɗinki da tsabta. Waɗannan su ne darussan da ake rubutawa a jadawali don cika sharaɗi, idan lokacinsu ya zo kuma sai a ce wa yara su yi shiru su kwafi rubutu. Tambayata ita ce: mene ne matsayinsu a manhajar makaranta, kuma me muka yi asara da muka yi musu riƙon sakainar kashi?

Yadda kakanninmu suka ɗauki tarbiyya

Kafin zuwan boko, tarbiyyar ɗan Bahaushe murhu ce mai duwatsu uku. Dutse na farko makarantar allo, inda yaro ke koyon karatu da rubutu da sanin addininsa. Na biyu sana'ar gidansu, ko noma ko ƙira ko saƙa ko jima ko rini ko dukanci ko fawa ko gini. Na uku kuwa dandali, inda samari ke langa da kokawa, 'yan mata na gaɗa, tsofaffi na yi wa yara tatsuniya da kacici-kacici. Wanda ya tashi a wancan tsari yakan kai munzali yana da ilmi gwargwado, yana da abin da zai ci da kansa, yana kuma da ƙarfin jiki.

Wannan tsari ya haifar da arzikin da tarihi ya shaida. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya kuma ba da labarin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Karofin Ƙofar Mata na nan har yau ga mai son ya gani da idonsa. Shugabannin jihadi ma ba su raina aikin hannu ba. An ruwaito cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yakan tufka igiya don neman abin masarufi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, a littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a da ƙarfafa musu gwiwa cikin wajiban shugaba.

Zamanin Turawa da bayan samun 'yanci

Da boko ya zo, bai zo da alƙalami kaɗai ba. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'i irin su kafinta da ƙira da dukanci. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam, ta ba wasanni babban matsayi, har shi Sardauna ya shahara da wasan nan na ƙwallon hannu da ake bugawa a jikin bango, wanda Turawa ke kira fives, kuma bai bar shi ba har bayan ya zama Firimiya.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. A wancan zamani mutanen Afirka da dama sun yi wa karatun sana'a kallon tuhuma. Sun ga cewa Bature na son ya tsare baƙar fata a gona da wurin sassaƙa, shi kuwa ya riƙe ofis. Sun kuma ga cewa wanda ya zama akawu a En'e ya fi kafinta albashi da daraja nesa ba kusa ba. Tun daga nan aka dasa wa mutanenmu ra'ayin cewa ɗan boko na gaske shi ne wanda hannunsa ba ya taɓa ƙasa. Wannan ra'ayi ya fi mulkin mallaka tsawon rai, domin ga shi muna fama da shi har yau.

Bayan samun 'yanci masana sun gane wannan illa. A 1969 aka yi babban taron ƙasa kan manhajar karatu a Legas, wanda ya haifar da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977. Daga cikinta ne tsarin 6-3-3-4 ya fito, aka fara aiwatar da shi a 1982. Manufar tsarin kyakkyawa ce ƙwarai: yaro ya yi shekara uku a ƙaramar sakandare yana ɗanɗana aikin katako da na ƙarfe da lantarki da noma da tattalin gida, daga nan a gane inda baiwarsa ta karkata. Gwamnati ta sayo injuna masu ɗimbin yawa daga ƙasashen Gabashin Turai ta rarraba wa makarantu. Amma a wurare da yawa babu ɗakin da za a girke su, babu lantarki, babu malamin da ya san kansu. Haka suka yi shekaru cikin akwatunansu, wasu suka yi tsatsa, wasu suka yi ƙafa.

Da shirin ilmin bai-ɗaya ya zo a 1999, aka yi masa doka a 2004, an sake fasalin manhaja. A gyaran da aka fara aiki da shi a 2014 an cusa wasannin motsa jiki ƙarƙashin darasin kimiyya da fasaha, aka haɗa noma da tattalin gida wuri guda. Sannan a 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja wadda ta rage yawan darussa, ta kuma ware sana'o'i shida da ɗalibi zai zaɓa daga ciki: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar salula, da aikin lambu da noma. Kun ga ke nan a kan takarda ba a taɓa korar waɗannan darussa ba. A aikace ne suka mutu.

Me ya kashe su?

Dalili na farko shi ne jarrabawa. Abin da ake nema wurin shiga jami'a shi ne kiredit biyar, ciki har da Turanci, sai kuma makin hukumar JAMB. Saboda haka hedimasta da malami da uba duk idonsu na kan abin da za a tambaya a takarda. Ko darasin noma da ake jarrabawa a kansa ya koma hadda: yaro zai zana maka garma a allo, ya lissafa maka ire-iren taki, amma bai taɓa yin kunya ɗaya da hannunsa ba.

Na biyu shi ne horon malamai. Mu da muka bi ta kwalejin horon malamai ta Gired Tu, an horar da mu ne a kan mu riƙe aji gaba ɗayansa. Ba za ka fita ba sai ka iya jagorantar wasan motsa jiki da safe, ka iya yanka kwali ka yi kayan koyarwa, ka iya fitar da fangali a lambu, ka iya koya wa yara waƙa. Ranar gwajin koyarwa, mai duba ka yakan tsaya a fili ya ga yadda kake jera yara da yadda kake ba su umurni. Da aka tsayar da takardar NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa, aka rufe waɗancan kwalejoji, an samu ci gaba ta fuskar zurfin karatu, amma malami ya koma mai darasi ɗaya ko biyu. Darasin da ba shi da mai shi a makaranta kuwa maraya ne.

Na uku shi ne fili. Gonakin makarantu da filayen wasa da magabata suka ware sun zama abin yanka. Yau a gutsiri nan a yi shaguna, gobe a gutsiri can a yi gida, har a wayi gari tagar aji tana kallon bayan gidan wani. A birane kuwa, inda yawancinku kuke zaune, makarantu masu zaman kansu da yawa gidajen haya ne, yaro zai shekara shida bai yi gudun mita ɗari ba.

Na huɗu laifinmu ne mu malamai da iyaye baki ɗaya. An mayar da aikin gona da shara horo ga mai laifi, sai yaro ya tashi yana ganin fartanya a matsayin bulala. Aikin hannu kuma, wanda a da yaro zai zauna ya tufka igiya ko ya saƙa faifai ko ya sassaƙa muciya a ba shi maki, ya koma a kawo tsintsiyar kasuwa ko sabulu ko kuɗi a ƙarshen zango. Wannan ya wuce kashe darasi, koya wa yaro ne cewa ana sayen maki.

Amfanin da ke cikinsu

Da farko, lafiya uwar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 a kowace rana yana motsa jikinsa sosai. Yaron ƙauye yana samun wannan a hanyar rafi da gona. Ɗan birni fa, wanda ake ɗauka a mota a sauke a mota, in ya dawo ya rungumi waya? Ciwon sukari da hawan jini da muke ganin suna kama mutane tun da sauran ƙuruciyarsu suna da nasaba da irin wannan zama.

Na biyu, hannu ƙofa ce ta shiga ƙwaƙwalwa. Duk malamin da ya daɗe a aji ya san yaron da lissafi ke ba wuya a allo, amma in ka ba shi tef ka ce ya auna katako sai ka ga ya gane rabi da rubu'i nan take. Magini idan zai fitar da kusurwar ɗaki yakan auna ƙafa 3 a gefe guda, ƙafa 4 a ɗaya gefen, ya tabbatar tsakaninsu ƙafa 5 ce. Wannan shi ne ƙa'idar Pythagoras da ake wahalar da yara da haddarta. Idan aka ce wa ɗalibi ya shuka masara da tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da santimita 25 tsakanin rami da rami, sannan ya lissafa tushe nawa hekta ɗaya za ta ɗauka, zai samu kimanin 53,000, kuma ba zai manta da yadda ake lissafin faɗin fili ba har abada. Tela ma da awo yake aiki, mai girki da ma'auni. Saboda haka waɗannan darussa mataimaka ne ga Lissafi da Kimiyya.

Na uku, Allah bai yi yara iri ɗaya ba. Ku dubi bayan takardar Naira 20, za ku ga hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya. Ba ta yi karatun boko ba. A wurin 'yan uwanta ta koyi ginin tukwane, a 1954 ta shiga cibiyar da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ta zagaya Turai da Amurka tana nuna fasaharta, a 1977 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Jami'ar nan dai ita ta ba Alhaji Mamman Shata irin wannan digiri a 1988. A fagen wasa, Tijjani Babangida da Garba Lawal da Daniel Amokachi, dukkansu 'yan Kaduna, suna cikin waɗanda suka ciyo wa Nijeriya lambar zinare a ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Yara nawa masu irin wannan baiwa ne suke zaune a bencin baya na azuzuwanmu, muna kiransu daƙiƙai, har su gaji su bar makaranta?

Na huɗu, tarbiyya. A filin wasa yaro ke koyon bin doka, da haƙuri in an ci shi, da rashin girman kai in ya ci. A lambu yake koyon cewa wanda bai yi ban-ruwa ba ba zai tsinki tumatir ba, kuma babu satar amsa tsakaninsa da shuka. A wasan kwaikwayo da muhawara yake koyon tsayawa gaban jama'a ya yi magana ba tare da rawar murya ba.

Na biyar, abin dogaro. A 2025 kusan mutum miliyan 2 ne suka zauna jarrabawar JAMB, kuma mafi yawansu ba za su samu gurbi a jami'a ba. Waɗanda suka samu ma, ba kowa ke samun aikin ofis ba. Ku da kuke birni kun fi ni sanin yadda ake wahalar samun ƙwararren mai ɗaura tayil ko mai aikin famfo, har a kan ɗauko su daga Togo da Jamhuriyar Benin, alhali matasanmu na zaune a bakin titi da takardu a hannu.

Ƙorafe-ƙorafen da ake yi

Wani zai ce, Malam, yaran da ba su iya karanta sunansu ba a aji huɗu, ina su ina zane da waƙa? Wannan magana tana da nauyi, kuma na yarda karatu da rubutu da lissafi su ne gaba da komai a firamare. Amma waƙa da wasa su ne hanyar da ƙaramin yaro ya fi saurin kama baƙaƙe da ƙirga, zane kuma shi ke horar da yatsunsa ga riƙon fensir. Awa biyu ko uku a mako ba su ne suka hana yaranmu iya karatu ba. Abin da ya hana su shi ne cunkoso a aji, da ƙarancin littattafai, da rashin zuwan malami.

Wani kuma zai ce, so ake a ba ɗan talaka fartanya, ɗan mai kuɗi a ba shi alƙalami. Wannan tsoro yana da tushe a tarihi kamar yadda na ambata. Maganinsa shi ne darussan su zama na kowa da kowa, ɗan hakimi da ɗan manomi, mai ƙoƙari da mai rauni, mace da namiji. A ƙasar Finland aikin hannu darasi ne na dole a makarantun gwamnati tun 1866, kuma bai hana su yin fice a ilmi ba. A Japan ɗalibai ne ke share azuzuwansu da kansu, maza da mata kuma duk suna koyon girki da ɗinki. A nan gida, makarantar Mayflower da Tai Solarin ya kafa a Ikenne a 1956 ta sa ɗalibanta noma da gini, ta kuma yaye likitoci da injiniyoyi.

Na uku zai ce babu kuɗi. Lallai injin walda da keken ɗinki suna cin kuɗi. Amma langa ba ta bukatar ko kwabo, haka tsere da tsalle. Kaba da laka da kara suna nan a bayan gari. Darasin 6-3-3-4 ya isa ya koya mana cewa a fara da mutum kafin inji.

Abin da ƙungiyarmu za ta iya yi

Ya Shugaba, ba na son in tsaya ga kuka, ga shawarwari shida.

Ɗaya, a kafa ƙaramin kwamiti, tare da izinin Mai Girma Hakimi da hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma, ya zagaya makarantun garin nan ya tantance iyakokin filayensu, a rubuta, a kafa alamu, a dasa itatuwa irin su darbejiya a kan iyaka kafin a samu halin katanga.

Biyu, a nemi masu sana'a na cikin gari, maƙeri da kafinta da tela da mai gyaran waya da mai haɗa sola da mata masu saƙa da ɗinki, kowannensu ya ba da awa biyu a mako a makaranta, ƙungiya ta riƙa ba shi ɗan abin goro. Malamin aji ya zauna tare da su domin ya haɗa abin da ake yi da darasin Lissafi da Kimiyya.

Uku, kowace makaranta ta samu lambu ko da fangali goma ne, a kuma ba ɗalibai littafin shiga da fita su riƙa rubuta abin da aka kashe da abin da aka sayar. Kwamitin gudanar da makaranta ya sa ido, amfanin ya koma ga yaran, kada ya zama gonar wani malami.

Huɗu, a farfaɗo da gasar wasanni tsakanin makarantu sau ɗaya a shekara, a haɗa ta da wannan taro namu, a sa langa da kokawa da tsere da ƙwallo, 'yan mata kuma a shirya musu nasu cikin sutura da mutunci, ƙarƙashin kulawar malamai mata.

Biyar, a cikin kyaututtukan da ƙungiya ke bayarwa kowace shekara, a ware na gwanin aikin hannu da gwanin noma da gwanin wasa, darajarsu ɗaya da ta wanda ya zo na ɗaya a Lissafi. Yara suna lura da abin da manya ke tafa wa.

Shida, wannan taku ce 'yan birni. Idan za ka sa ɗanka a makaranta, ka tambaya ina filin wasa, ina ɗakin sana'a. Idan an yi dogon hutu, ka turo shi gida ya yi mako biyu ko uku a gonar kakansa, ko ka kai shi wurin mai sana'ar da ka amince da shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kammalawa

Jama'a, Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya kai shekara goma sha biyar yana ƙyamar ƙasa da gumi, da wuya wani shirin gwamnati ya gyara shi bayan ya gama jami'a. Gwamnati ta rubuta manhaja, amma fili da masu sana'a da yaran duk namu ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon Shugaba da ya sa waɗannan shawarwari cikin abubuwan da za a tattauna kafin a tashi, domin in Allah ya kai mu taron baɗi mu ji rahoton abin da aka aiwatar.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a karatunsu da sana'arsu, ya ƙara wa wannan ƙungiya haɗin kai, ya ja zamanin Mai Girma Hakimi, ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya.